Rigar da Kallo-Ɗaya Ya Ɗinka wa Matarsa

A layin da shagonsa yake, ba mai kiransa da sunan da aka raɗa masa. Kallo-Ɗaya ake ce masa, shi kuwa ya amsa da ƙarfi, don a wurinsa ba tsokana ba ce, kirari ne. Telan mata ne, gajere, mai ɗan tumbi, furfura ta fara cin gemunsa, kullum da zare maƙale a gaban rigarsa da guntun alli a bayan kunne. Abin da ya jawo masa sunan shi ne ba ya riƙe tef ɗin awo. Mace za ta shigo da yadinta ta tsaya a bakin ƙofa, ya ɗago kai daga keken ɗinki ya dube ta sau ɗaya, daga kafaɗa zuwa idon sawu, ya ce ta ajiye ta dawo ran kaza. In ta dawo ta sa rigar, sai ka rantse a jikinta aka yanka.

Ba da wannan baiwa aka haife shi ba, ko da yake shi haka yake so a ɗauka. Mahaifinsa mai gyaran takalma ne, ya kai shi koyon ɗinki wurin wani tsohon tela mai baƙar rowa, wanda tef ɗinsa ɗaya ne tak, kuma a wuyansa yake kwana. Ba ya ba kowa aro. Sai yaron ya maida abin wasa: in kwastoma ta shigo, ya ƙiyasta faɗin kafaɗarta a ransa, ya kasa kunne ya ji me tsohon zai faɗa bayan ya auna. Da fari yana kuskure da yawa. Sannu a hankali kuskuren ya riƙa raguwa, har ya zamana kafin tsohon ya buɗe baki, shi ya riga ya san abin da zai fito. Da ya buɗe nasa shagon, sai ya ga ashe abin kasuwa ne. Mata da yawa ba sa son baƙon namiji ya zagaye su da tef, mazajensu kuwa sun fi su ƙin abin. Nan da nan labari ya bazu cewa ga telan da ba ya taɓa mutum.

Sai dai idon nan da abin da ya zo da shi. Kallo-Ɗaya ba ya ganin fuska. Kwastomar shekara da shekaru za ta gaishe shi a hanya ya amsa sama-sama, sai ta wuce ya hango bayanta ya ce, "Af, ashe ke ce!" In ka tambaye shi kamannin wance, ba zai ce fara ba ce ko baƙa, sai ya ce ai wadda kafaɗarta ta dama ta ɗan sauka. In kuwa ka tambaye shi sirrin aikinsa, sai ya ajiye almakashi, ya ƙwanƙwasa goshinsa da ɗan yatsa.

"Shagona biyu ne," in ji shi. "Ga wannan da kuke gani, ga wani nan ciki. Duk macen da na taɓa kalla tana tsaye a can. In zan yanka yadi, kiranta nake ta zo ta tsaya min a kan tebur, in bi jikinta da alli."

Kuma gaskiyarsa ce. Abin da bai taɓa lura da shi ba shi ne, kwastomomi suna dawowa su sake tsayawa a bakin ƙofar nan, don haka ta cikin kansa tana girma tare da ta waje. In ta yi ƙiba ya gani, in ta rame ya gani. Mutum ɗaya ce ba ta tsayawa a bakin ƙofar shagon, ita ce matarsa.

A nan ma ya fara ganinta, tana budurwa, ta kawo yadin gwaggonta. Cikakkiyar mace ce, mai damatsa, mai yawan dariya. Har gobe yana ba da labarin cewa ita kaɗai ce ya taɓa yi wa kallo biyu, kuma na biyun ba na aiki ba ne. Suka yi aure, suka haifi 'ya'ya, manyan suka watse neman na kansu, aka bar Auta, mace, a gida. Duk tsawon shekarun nan ba ta taɓa sa ɗinkin wani tela ba. Shi ke zaɓo yadi, shi ke yankawa, ya kawo mata a ninke cikin leda yana taƙama. Bayan haihuwar Auta ta ƙara jiki, ya lura, ya ƙara wa ta cikin kansa. Daga nan kuma hoton ya tsaya cak, bai sake taɓa shi ba.

Kada a ce ba ya son ta. Yana son ta ƙwarai, irin son da mutum ke yi wa abin da ya tabbata yana nan inda ya bar shi. Yakan fita tun da sassafe, ya dawo idanu sun gaji da bin zare, ya zauna a kujerarsa ta gefen taga, ta ajiye masa abinci, ya ɗora labarin shago: wadda ta kawo yadi bai isa ba tana son riga har ƙasa, wadda ta ce mijinta ya ce wuyan ya yi faɗi. Ita tana ta kai da kawo cikin kayan zaman gida masu yalwa, tana dariya inda ya kamata. Ran da ta ce masa likita ya ce tana da ciwon suga, ya ce, "Subhanallahi, Allah ya sawwaƙe. Sai a rage shan zaƙi." Ya tambaya ko an ba ta magani, ta ce an ba ta. Shi ke nan, a wurinsa magana ta ƙare. Auta ce ke raka ta asibiti, tun da ma aikin jinya take karanta, sai ya ga ai abu ya faɗa hannun masu shi.

Maƙwabcinsa a layin shaguna Mai Hoto ne, dogo siriri, mai bakin tsiya. Da rana in aiki ya lafa, sukan haɗu a shagon ɗayansu su sha shayi su yi ta musu. Musun kuwa kusan kullum ɗaya ne, wa ya fi gani tsakanin tela da kyamara.

"Kai ba ka san mutane ba," in ji Mai Hoto wata rana. "Sai in ɗauki mace hoto, in nuna mata, ta ce wallahi ba ita ba ce, kyamarata ce ta tsofar da ita. Ka san dalili? Kowa yana yawo da wani tsohon hotonsa a ka. In ya duba madubi, rabi madubin yake gani, rabi wancan hoton. Kuma ba kansa kaɗai yake yi wa haka ba, har mutanen gidansa."

"Wannan matsalar masu raunin ido ce," in ji Kallo-Ɗaya.

"Kai ma haka kake, Tela. Abin da kake gani, rabi na waje ne, rabi kai ka taho da shi daga gida. Ka taɓa kama kanka kana kallo, ka tambayi kanka, shin wannan da nake gani ita ce, ko tawa ce ta cikin kai?"

"In tsaya ina kallon kaina ina kallo? Wa zai ɗinka wa mutane kaya? Kai dai shayi ya yi maka yawa."

Suka yi dariya, aka bar maganar.

Shekarar da Auta ta gama makarantar jinya, Kallo-Ɗaya ya fito da wani sabon ɗinki: doguwar riga ta yadi shuɗi mai duhu, marar zane, da siririn farin layi a wuya da bakin hannu. Ɗinkin ya karɓu, har ƙananan teloli suka shiga kwaikwayo, abin da ke ƙona masa rai ba kaɗan ba. In ya hango irinta a hanya sai ya yi tsaki ya ce sun saci wuyan sun kasa satar kafaɗar. Ya ƙudurta irinta zai yi wa matarsa ta sa ranar bikin yaye ɗalibai, mutane su ga ta asali.

Aiki ya yi masa yawa a makon, kuma kamar yadda teloli suka saba, na gida shi ne na ƙarshe. Sai da safiyar bikin ya gama, ya goge, ya kawo ta da ɗuminta. Matar ta warware rigar, ta ɗaga ta sama, ta duba faɗinta.

"Baban Auta, da ka bari na sa wata cikin tsofaffin. Wannan sai in ajiye ta zuwa wani lokaci."

"Wane lokaci ya fi yau? Na hana idona barci a kanta, ki ce ki ajiye?"

"Ba haka ba ne. Da dai ka kawo ta tun jiya..."

"Jiya da yau me ya bambanta su? Riga ce sai an jiƙa ta ta kwana? Sa ki gani."

Ta shiga ɗaki ta sa, ta fito da babban mayafi ta lulluɓe har gwiwar hannu. Ya ɗaga kai daga ɗaura agogonsa, ya yi mata kallonsa ɗaya, ya ce, "Ta zauna." Suka tafi. Aka yi biki lafiya, aka kira sunan Auta, aka tafa, Mai Hoto ya zo da kyamararsa ya yi ta ɗauka.

Bayan 'yan kwanaki, da rana tsaka, Kallo-Ɗaya ya leƙa shagon Mai Hoto da kofinsa a hannu. Ya tarar da mata biyu a kan benci suna jiran a wanke musu hoto, ɗaya ma kwastomarsa ce, ya gane ta da kafaɗa. Mai Hoto na gaban kwamfuta yana gyaran wani hoto, ya jawo shi kusa sosai har fuskar mai hoton ta fita daga allon, ba a ganin komai sai daga wuya zuwa ƙugu. Shuɗiyar riga ce mai farin layi. Mayafin mai rigar ya zame, ta ɗaga hannu ɗaya kamar za ta rungumi wani.

Kallo-Ɗaya ya matso, ya karkata kai, ya fashe da dariya.

"Kai jama'a! Wane mugun ne ya yi wa baiwar Allah nan wannan aiki?"

"Tela," in ji Mai Hoto, bai juyo ba.

"A'a, bar ni in faɗa. Ku zo ku ga ɓarayin ɗinki. Dubi inda kafaɗar rigar ta faɗo, har tsakiyar damtse. Dubi hammata, sai ka zuba kaza da 'ya'yanta a ciki. Wuyan nan kuwa saura kaɗan ya zame ƙasa. Wannan ai ba riga aka ɗinka mata ba, buhu aka zura mata."

Matan nan suka tashi suka leƙo, suna ƙunshe dariya.

"Tela, zo mu fita waje, ina da magana."

"Wace magana? Ni abin da ke ba ni haushi, mace siririya kamar wannan, ƙashin wuya duk a waje, ko makaho ya shafa ya san ba ta kai rabin yadin nan ba. Wanda ya yanka wannan ko kallonta bai yi ba. Wallahi bai kalle ta ba. In da mijinta na da ido, da bai bari ta fita haka cikin mutane ba."

Labulen da ke raba shagon da ɗakin ɗaukar hoto ya motsa. Auta ce ta fito. Ta zo ɗaukar ƙaramin hoto na neman aiki, tana ciki gaban madubi tana gyara ɗankwali, duk abin da aka faɗa a kunnenta. Ba ta ɗaga murya ba.

"Baba, Mama ce."

Mai Hoto ya sauke numfashi, ya mayar da hoton yadda yake. Fuskar ta dawo cikin allon. Matarsa ce, tana dariya, ta miƙa hannu za ta rungumo Auta mai riƙe da takardar shaida. Kumatunta sun faɗa, idanunta sun zurma, zoben da ke yatsanta an naɗa masa zare don kada ya zame. A gefenta kuwa ga shi nan shi kansa, cikin sabbin kaya, ƙirji a gaba, ya washe baki, fuskarsa tana duban ta sosai.

Wannan ne ya fi kashe shi. Da a ce a hoton wani wuri yake kallo, da ya sami abin faɗa wa kansa. Amma ga idanunsa nan a buɗe, a kanta, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai tsawon hannu ba. Ya tuna lokacin sarai. Ya tuna abin da ya gani a lokacin: matarsa, cikakkiya, rigar ta kama ta daidai, har ya ce a ransa bari matan wajen su ga yadda ake kafaɗa. Ya tsaya yana kallon mutumin cikin hoton yana kallo, ya rasa me mutumin nan yake gani, alhali shi ne.

Matan biyu suka koma benci, suka duƙufa kan wayoyinsu kamar an aiko musu da saƙon gaggawa. Kunya ta rufe shi tun daga tafin ƙafa. Ya ji kunnuwansa sun yi zafi, ya rasa inda zai ajiye kofin da ke hannunsa. Ya so Mai Hoto ya yi masa tsiya ko ya ce ai na faɗa maka, ya sami wanda zai yi wa faɗa. Mai Hoto kuwa ya kashe allon kawai.

Auta ta bi shi shagonsa. Ya zauna a kan kujerar keke, ita ta tsaya a bakin ƙofa, daidai inda kwastomomi ke tsayawa.

"Tun yaushe?" ya tambaya, kansa a ƙasa.

"An daɗe, Baba. Tun kafin a gano ciwon ta fara zubewa. Yanzu ma da sauƙi, an canza mata magani, likita ya ce in ta kiyaye za ta murmure. Amma akwai lokacin da na tsorata."

"Ba wanda ya faɗa min."

"An faɗa maka. Na ce maka Mama ta rame, ka ce ramar me, ai kai ka san awonta ko cikin barci."

Ya tuna. Har dariya ya yi ranar.

"To amma sauran rigunan," ya ce, yana laluben abin kamawa. "Duk wadda na ɗinka mata tana zama daidai. Da idona nake gani. Wannan ɗaya ce kawai..."

Auta ta matso kusa da shi.

"Ta hana ni faɗa. Duk rigar da ka kawo, sai ta jira ka fita, ta zauna da allura ta rage ta. Wannan ce ka kawo da safe, ba ta sami lokaci ba. In ka je gida ka juya cikinsu ka gani."

Ya rufe shago da rana tsaka, abin da bai taɓa yi ba sai in rasuwa aka yi. A ƙarshen layin akwai shagon mai kayan ɗinki, inda yake sayen zare da zif da maɓallai tun yana saurayi. Ya tsaya a gaban kantar, ya yi ta duban zaren da ba ya bukata, sannan ya ce a hankali, "Ba ni tef."

"Me?"

"Tef. Na awo."

Mai kayan ɗinki ya riƙe baki. "Yau kuma wace rana! Kallo-Ɗaya da tef? Ko ido ya fara tafiya ne, mu kai ka a yanka maka gilashi?"

A da, da ya mayar masa da wadda ta fi ta zafi. Yau ya karɓa ya cusa a aljihu ya wuce, mutumin ya bi shi da kallo.

Rabonsa da ganin gidansa da hasken rana irin wannan har ya manta. Ya ga fentin bangon falo ya koɗe, ya ga wata kujera da aka ɗaure ƙafarta da waya, ya ga jerin kwalaben magani a kan taga, kusa da inda yake zama kullum yana ba da labarin shago. Ba kowa a falon, ya ji motsin ruwa a bayan gida, tana wanki. Ya shiga ɗaki ya buɗe sif ɗin kayanta.

Ga rigunanta nan a rataye, duk aikinsa. Ya ciro wata koriya da ya ɗinka shekarun baya, ya juya cikinta, ya kai ta bakin taga. Ga ɗinkin kekensa, miƙaƙƙe, tsaf. Can ciki da shi kaɗan ga wani layi na ɗinkin hannu, ƙanana-ƙanana, wani wuri ya karkace, zaren ma ba kalar yadin ba ne sosai. Ciki da wannan kuma ga wani layin. Ciki da shi ga na uku. Ba ta taɓa yanke rarar yadin ba, ninke shi take ta kwantar, ta danne da dutsen guga don kada ya yi tudu. Ya ciro wata, ya ciro wata. Tsofaffin layi uku, na baya-bayan nan layi ɗaya amma mai zurfi, an cinye kusan faɗin tafin hannu a kowane gefe. Tela ne, ba ya bukatar a fassara masa. Yana iya karanta yadda matarsa ta riƙa ƙarewa, daga wannan layi zuwa wancan.

Kuma ya tuna sau nawa ta fito cikin rigunan nan ya buga cinya ya ce, "Kin ga aikin ido? Ko taɓa ki ban yi ba." Ita kuwa ta ce, "Ai kai ba na biyunka."

"Baban Auta? Lafiya ka dawo yanzu?"

Tana tsaye a ƙofar ɗaki, hannuwanta jiƙe, ta ga rigunan a baje a kan gado, ciki a waje. Ta duba su, ta dube shi. Sai ta goge hannu a zaninta ta ce, "Yarinyar nan ba ta da riƙon magana."

"Ba ita ba ce. Ni na tona wa kaina asiri, a gaban mutane. Na ga hotonki ban gane ki ba. Na tsaya ina zagin telan da ya ɗinka miki riga. Har mijinki na zaga."

Ta so ta yi dariya, dariyar ba ta fito duka ba. Ta zo ta zauna a bakin gado, ta ɗauki koriyar rigar tana shafa ɗinkin.

"Hannuna bai iya ba, ko? Duk ya karkace."

"Me ya sa ba ki ce min in rage miki ba? Aikin da ba zai ɗauke ni komai ba a keke. Kina zaune da miji tela kina tsokane yatsunki da allura."

"Da fari kunyarka na ji. Mutum duk gari ana ce masa Kallo-Ɗaya, in zo in ce masa ya yi kuskure a kan matarsa? Na ce bari in ɗan kama, in na murmure sai in warware. Shi ya sa ban yanke ba. Daga baya kuma ni ce ba na so ka sani."

"Don me?"

"Kowa ya gan ni sai ya ce sannu. Maƙwabta sannu, 'yan'uwa sannu, Auta tana bina da ido kamar zan faɗi. Na gaji da sannu. Kai kaɗai ne in ka shigo kake min magana kamar ba abin da ya same ni. In ka kawo riga na ɗaga ta, sai in ga matar da kake gani, ƙatuwa, lafiyayya. Ina jin daɗin ganinta. Wani lokaci har sawa nake in ɗan zauna a ciki kafin in rage." Ta ajiye rigar. "Amma ba zan ɓoye maka ba, akwai ranakun da na so ka ɗago ka ce, ke, me ya same ki haka? Ranar da jiri ya kwashe ni a kicin, da ka dawo na zauna a gabanka, na ce yau dai zai gani. Ka ba ni labarin wata mai yadi bai isa ba."

Haƙuri ma ya ji ya yi masa ƙanƙanta a baki. Ya sa hannu a aljihu ya fito da tef ɗin, sabo, ko naɗinsa ba a warware ba.

Ta zaro ido. "Kai da tef?"

"Tashi ki tsaya min. Can, bakin ƙofa, inda haske yake."

Ta tashi ta tsaya. Ya ɗago kai ya dube ta yadda ya saba, daga kafaɗa zuwa ƙasa, nan take awon ya faɗo masa a ka, tsohon awon nan da ya haddace. A karo na farko a rayuwarsa ya kama abin yana faruwa. Ya ji yadda ta cikin kansa ta yi wuf ta riga shi, ta zo ta tsaya a gaban ta gaskiyar, ta cika mata kafaɗa, ta cika mata kumatu. Ya runtse ido ya buɗe. Ta sake zuwa. Sai da ya kafa ido a kan zoben nan mai naɗin zare, ya bi yatsan zuwa wuyan hannu, ya bi hannun a hankali zuwa gwiwa, zuwa kafaɗa, zuwa wuya, kamar ɗan koyo a ranarsa ta farko, sannan ya isa fuskarta. Ta tsufa. Idanunta ne kawai ba su canza ba, kuma suna kallonsa, da alama sun daɗe suna yi.

"Ɗaga hannu," ya ce.

Ta ɗaga. Ya warware tef ɗin, ya zagaya da shi ƙugunta. Hannuwansa suka buɗe daidai faɗin da suka sani, suka rufe a kan iska, sai da ya ƙara matsowa kafin ya same ta. Ya haɗa bakin tef ɗin, ragowar ta zubo tana lilo har gwiwarta. Ya duƙa ya karanta lambar, ya sake karantawa, sannan ya faɗe ta a fili, da muryar mai kawo mugun labari.

"Na sani, Baban Auta," ta ce, hannuwanta na sama har yanzu. "Kowa ya sani. Kai kaɗai ka rage."